Mas'alar Haɗa Littafin Jagora da Asalin Manhaja

Masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe suna saɓani a kan wata mas'ala: shin littafin jagora, wanda na'ura ke tsamowa da kanta daga bayanan da marubuci ya saƙa a tsakanin layukan aikinsa, kamar yadda Javadoc ke yi tun 1995, ko Doxygen da Dimitri van Heesch ya fitar a 1997, ya dace a haɗa shi da asalin rubutun manhajar a miƙa wa jama'a, ko kuwa a bar kowa ya fitar da nasa?

Hujjar masu cewa a haɗa tana da ƙarfi. Ƙa'idojin GNU sun tanadi a sa jagorar da aka riga aka fitar a cikin ƙunshin da ake rarrabawa, domin kada mai karɓa ya wahala da girka wasu kayan aiki kafin ya karanta shafi ɗaya. Ɗalibin Kano ko Damagaram, wanda kuɗin intanet ke yi masa nauyi, ya fi kowa sanin fa'idar wannan.

Sai dai fa, duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa sharhin da ya rabu da mataninsa ya fi rashin sharhi illa, kuma haka jagorar da aka cusa cikin ma'ajiyar Git, inda ake adana asalin manhajar, take zama idan an gyara manhajar aka manta da sabunta ta. Mafi muni kuma, abin da ake zaton na'ura ce ta fitar ba wanda ke bibiyarsa. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin manhajar xz, alhali wani ɓangarenta yana laɓe a fayil ɗin da ke cikin ƙunshin rarrabawa amma babu shi a Git. Gaskiya ne wannan fayil ba jagora ba ne, amma gafalar iri ɗaya ce.

Saboda haka ra'ayina shi ne a tsare Git ga abin da hannun mutum ya rubuta, a sa jagorar a ƙunshin rarrabawa kaɗai, bisa sharaɗin cewa duk mai shakka zai iya sake fitar da ita daga asali ya gwada ta da wadda aka rarraba. Marubucin da ya kasa cika wannan sharaɗi, gara ya aika da asalin kawai.