Nauyi Ba Shi Ne Amo Ba: Magana Ga Masu Jitar Bas Na Zongon Lome

Akwai wata aƙida da ta samu gindin zama a tsakanin makaɗan zamani na Lome, tun daga nan Agoè-Zongo da Assiyéyé har zuwa Bè da Adidogomé. Wai amfilifayar jitar bas, wadda mu a nan muke kira ampili, ba ta cika ampili ba sai ta gagari ƙato ɗaya ɗauka. Na sha jin wannan magana a bakin makaɗan da nake gayyata shirina na rediyo, na kuma sha jin ta a wuraren biki inda ake kirana in riƙe makirufo. Ni dai na ce ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada, domin ana biyan ta da kuɗin mota, da ƙashin bayan yara, da kuma makomar kiɗan kai-tsaye shi kansa.

Mu fara da inda aƙidar ta samo asali. A shekarar 1969 kamfanin Ampeg na Amurka ya fito da wata ampili mai suna SVT, mai ƙarfin wat 300, wadda ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da ita a wannan shekara. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40. Akwatin lasifikarta mai baki takwas ya haura kilo 60, shi ya sa makaɗa suka laƙaba masa suna firij. In ka haɗa su biyu, buhun siminti biyu ke nan. An ƙera ta haka ne saboda a wancan zamani lasifikokin taro ba su da ƙarfin ɗaukar amon bas, dole mai jitar ya cika filin wasa da nasa akwatin. Hotunan waɗannan manyan akwatuna su ne suka zauna a idon duniya, har suka iso mana. Matsalar da aka yi su dominta ta kau tun tuni, mu kuma muka riƙe hoton.

Me ke sa tsohuwar ampili nauyi? Abu uku ne: taransifoma, maganaɗisu da katako. Wutar da ke shigowa gidajenmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma taransifomar da za ta sarrafa irin wannan wuta sai ta zama tulin ƙarfe da tagulla. Sababbin na'urori suna fara ɗaga juyawar wutar zuwa dubbai a daƙiƙa, sai 'yar ƙaramar taransifoma ta wadatar. Dabarar da ke cikin cajar wayarka ke nan. Sannan akwai tsarin da ake kira Class D, wanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa aiki, alhali tsohon tsari yana zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi, har sai an liƙa masa faranti na ƙarfe don ya huce. Haka ma maganaɗisun lasifika: tun farkon shekarun 1980 aka gano na sinadarin niyodimiyam a Japan da Amurka, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke yin aikin tulin tsohon baƙin maganaɗisu. Wato abin da yaro yake nishi a ƙarƙashinsa ba amo ba ne, ƙarfe ne da zamani ya wuce.

Ga lissafi. Kan ampili na Markbass, kamfanin ƙasar Italiya, mai suna Little Mark yana ba da wat 500, nauyinsa kuwa kilo 3 ne ko ƙasa da haka. Na Trace Elliot mai suna ELF yana ba da wat 200, bai kai kilo 1 ba, yana shiga aljihun jakar jita. Fender Rumble 100, kai da lasifika a akwati guda, kilo 10 ne. Babban wansa Rumble 500 bai kai kilo 17 ba, wato jarkar ruwa mai lita 25 ta fi shi nauyi. Kuma ba kayan wasan yara ba ne. Richard Bona ɗan ƙasar Kamaru, wanda duk mai taɓa bas a Afirka ya san sunansa, da Marcus Miller na Amurka, kowannensu Markbass ta ƙera ƙaramin kan ampili da sunansa. Shin kunnen namu ya fi nasu ne?

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi ciwo. Iyayenmu ba da son ransu suka zo nan ba. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birnin Lome, aka dawo da mutanensa nan arewa, tafiyar wajen kilomita 15. Tun daga ranar, duk ɗan Zongon da ke da sana'a a cikin gari yana biyan harajin hanya safe da yamma. Makaɗi ya fi kowa biya, domin shi da kaya yake tafiya, kuma da tsakar dare yake dawowa. Mai ƙaramar ampili zai rataya jitarsa a baya, ya ɗora akwatinsa a cinya, ya hau zemijan, wato babur ɗin haya da 'yan'uwanmu na Kano ke kira acaɓa. Mai firij kuwa sai ya yi shatar tasi ko babur mai ƙafa uku, zuwa da dawowa, sannan ya jira direba ya ga damar zuwa ƙarfe biyun dare. In damina ce, ruwa ya cika lungu, mota ta tsaya a bakin titi, sauran tafiyar a ka za a yi ta. Kafin a raba kuɗin wasa, hanya ta riga ta cinye rabon mutum ɗaya.

A kan wa ake ɗora kayan? Wannan ita ce tambayar da masu yabon nauyi ba sa son a yi. Ban taɓa ganin ubangidan banda ya sunkuya ya ɗaga akwatin da yake alfahari da shi ba. Yaran banda ne ke ɗauka, samari 'yan shekara 15 zuwa 20 da suka biyo maigida don su koyi kiɗa, suka ƙare a dako. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma in komai ya daidaita, kayan na kusa da jiki, ƙasa kuma a shafe. Mu kuwa muna ɗora wa yara biyu kilo 60, a cikin yashi, a cikin duhu, wani lokaci su hau bene da shi. Ranka ya daɗe, maigida, in har amon akwatin nan ya kai yadda kake faɗa, bismillah, ɗauki abinka sau ɗaya daga bakin titi zuwa rumfar biki, sai mu ci gaba da muhawara.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan. A yau babban abokin hamayyar banda ba wata banda ba ce, DJ ne mai kwamfuta da filas. Mai biki yana lissafi: mutum ɗaya da kayansa, ko mutum bakwai da motar kaya? Duk kilon da muka ƙara wa kayanmu, jaka muke ƙarawa a farashinmu, kuma hujja muke miƙa wa mai biki ya sallame mu. Masu cewa suna kare martabar kiɗan kai-tsaye da manyan akwatuna, su ne ke haƙa masa kabari ba su sani ba.

To, na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

Na farko, za a ce mai biki da ido yake biya, in bai ga tulin akwatuna ba sai ya ce an raina shi. Gaskiya ne akwai masu irin wannan hali, kuma mu muka koya musu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ba a fagen kiɗa ba. A nan ji ne sarki. Ban taɓa ganin matan da suka fito rawa sun koma kujera don akwatin mai bas ƙarami ne ba. Abin da ke zaunar da su shi ne amo mai kwaramniya da ya danne muryar mawaƙi. In ido ake so a cika, lasifikokin taro, waɗanda muke kira sono, suna nan gaba suna cika shi.

Na biyu, gyara. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi. Tsohuwar ampili in ta lalace, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai buɗe ta, ya ga abin da ya ƙone da idonsa, ya canza. Sabuwar kuwa kayan cikinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, sau da yawa sai an canza allon gaba ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su. Na ji. Amma duk wanda ya taɓa zuwa Dekon ya ga samari suna narka dalma a cikin wayar salula, wadda kayanta suka fi na ampili ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Hannun akwai shi a garin nan, aikin ne ba mu kai musu ba. Sannan mai kan ampili na kilo 1 yana iya ajiye na biyu a jaka saboda tsaro. Wa ya taɓa ganin mai firij ya zo biki da firij na biyu?

Na uku, wuta. Duk wanda ya zauna a Lome a 2024 ya san yadda aka yi ta rabon lantarki unguwa-unguwa, kuma bukukuwa da dama a kan janareta ake yin su. Ƙaramin janareta in wutarsa na hawa da sauka yana iya kashe sabuwar ampili, wannan ba a musu. Maganinsa sitabilaiza mai kyau da na'urar kare tartsatsin wuta, da kuma ƙa'ida ɗaya: kada a kunna ampili sai janareta ya daidaita, a kuma kashe ta kafin a kashe shi. Kada a manta, ita ƙaramar ba ta shan wuta kamar tsohuwar, don haka ba ta wahalar da janaretan da ke ɗauke da fitilu da sono.

Na huɗu, za a ce bas iska yake turawa, ƙaramin baki ba zai tura iska mai yawa ba. Nan kam sun yi gaskiya, kuma a nan ne nake jan kunnen masu zuwa ɗaya gefen. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bas tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta jita mai tsirkiya biyar kuwa sau 31. Irin wannan amo yana buƙatar faɗin lasifika, musamman a fili ƙarƙashin rumfa inda babu bangon da zai maido shi. Don haka 'yar ampilin koyo ta wat 15 ba ta biki ba ce. Amma faɗi daban, nauyi daban. Lasifika biyu masu inci 10, ko ɗaya mai inci 12 ko 15, a akwati na katako marar nauyi, sun isa mai jita da mai ganga su ji juna. Sauran jama'a kuwa sono ce za ta kai musu, ta wayar da ake ja daga bayan ampili zuwa teburin mai haɗa sauti.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin saye, ga abin da za ka duba. Ka tabbata akwai kafar DI mai ƙusa uku a bayanta, domin ita ce hanyarka zuwa sono. In babu, ka wuce. Ka nemi wat 200 zuwa 500 in da mai ganga za ka yi wasa, kuma ka duba an rubuta RMS. Lambar da aka rubuta PMPO a gefenta, irin ta kwalayen da ke iƙirarin wat dubbai, tatsuniya ce. Ka karanta om ɗin da ke kusa da lambar: Rumble 500 ɗin da na ambata wat 350 yake bayarwa shi kaɗai, sai an ƙara masa akwati na biyu yake kai 500. Kada kuma yawan wat ya ruɗe ka, domin kafin kunne ya ji amo ya ninka, sai an ninka wat wajen sau 10. Ƙarin lasifika ya fi ƙarin wat amfani. In ta hannu ce daga kayan tashar jirgin ruwa, ka duba bayanta: ta Amurka wutar 120 take sha, tamu kuwa 220 ce, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Ka saya mata riga, saboda ƙurar hunturu tana toshe fankarta, iskar teku kuma tana sa tsatsa. Daga ƙarshe, ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka yi taku hamsin a gaban mai shago. In ka ajiye kafin ka kai, ba taka ba ce. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce. Ka zo da jitarka ka gwada, ka saurara da kunnenka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka manta da gadonmu. Alhaji Mamman Shata ya girgiza ƙasar Hausa da kalangu, gangar da ake saƙalawa a hammata. Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Makaɗanmu na asali kowa shi yake ɗaukar abin kiɗansa, kuma babu wanda ya taɓa auna gwanintarsu a kan sikeli. Mu ne muka ari jitar bas, muka haɗa da ciwon bayan da masu ita suka riga suka yar.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Iyayen gidan banda, ku sayar da firij ɗin nan ga majami'a ko zauren taro, inda za a kafa shi a kusurwa ba mai sake motsa shi. Kuɗin motar da za ku rage, ku ƙara wa yaranku. Hannun da kuka saba ɗora wa akwati kuwa, ku miƙa masa jita, domin abin da ya zo nema ke nan.