A Zaɓi Amfilifaya Da Kunne, Ba Da Yawan Wat Ba

Duk wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin marigayi Alhaji Haruna Uji na Haɗejiya ya san cewa gurmi yana da murya tasa ta kansa. Akwai kauri a cikinta wanda ke fitowa daga ƙoƙon da aka rufe da fata, akwai kuma ɗan kaifi a daidai lokacin da yatsa ya taɓa tsirkiya. To, amma a je wajen biki yau a Haɗejiya, ko Malam Madori, ko Auyo, a saurari abin da ke fitowa daga lasifika idan an miƙa wa makaɗi makirfo. Sau da yawa ba za a iya rarrabe gurmi da garaya ba, domin duka sun koma ƙarar gwangwani. Makaɗin bai rage gwaninta ba. Laifin na na'urar da aka zaɓa ne, da kuma irin tambayar da aka yi wa mai kanti ranar da aka saye ta, wato: "Wat nawa ce?"

Ra'ayina shi ne, wannan tambaya ita ce mafi ƙarancin amfani cikin dukkan tambayoyin da mai sayen amfilifaya zai yi. Ga dalilaina.

Bari mu fara da abin da ya sa kowane abin kiɗa yake da muryarsa. Idan aka kaɗa tsirkiya, tana yin karkarwa ne sau da yawa a cikin sakan ɗaya, kuma yawan karkarwar nan shi ke sa amo ya yi kauri ko ya yi siriri. Alal misali, tsirkiyar jita mafi kauri tana karkarwa kimanin sau 82 a sakan, mafi siriri kuwa kimanin sau 330. Sai dai tsirkiya ba ta tsaya a karkarwa iri ɗaya ba. Yayin da dukkan tsawonta ke kai da komowa, rabinta ma yana yin tasa karkarwar, haka sulusinta da rubu'inta. Saboda haka tsirkiyar da ke ba da 110 tana kuma ba da 220 da 330 da 440 a lokaci guda, sai dai ƙarfinsu bai kai na farkon ba galibi. Mu kira ta farkon uwar amo, sauran kuma 'ya'yan amo. Kukuma da sarewa suna iya fitar da uwar amo iri ɗaya, amma kunne ba zai ruɗe ba, domin yadda 'ya'yan amon suka cuɗanya ya bambanta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Aikin amfilifaya da lasifikarta shi ne su ɗauki uwar da 'ya'yanta gaba ɗaya su ƙara musu ƙarfi, ba tare da sun zubar da wasu a hanya ba, ko sun haifo waɗansu da makaɗi bai kaɗa ba.

A nan ne lasifikar ƙarfe mai faɗin baki, irin wadda ake ɗaurawa a kan mota ko a kan sanda, take cutar da makaɗanmu. An ƙera ta ne domin kai magana nesa, kuma ta iya wannan aiki ƙwarai. Amma ba ta iya fitar da amon da karkarwarsa ta gaza 'yan ɗaruruwa a sakan. Biyar daga cikin tsirkiyoyin jita shida suna ƙasa da 300 idan ba a danne su ba, kuma kaurin muryar kayan tsirkiyarmu na gargajiya ma a can ƙasa yake. Ke nan lasifikar ta yar da uwar amo, ta bar mu da 'ya'ya marayu. Ko da an ninka wat ɗin sau goma, marayun ne za su ƙara ihu.

Maganar wat kuwa, akwai lissafin da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ake samu, ƙarin da kunne zai ji amma ba zai yi mamaki ba. Kafin mai sauraro ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Ma'ana, amfilifaya mai wat 100 ba ta fi mai wat 10 ƙara sau goma ba, sau biyu ne kawai a kunne. Bugu da ƙari, su kansu lasifikoki ba ɗaya suke ba. Wata idan aka ba ta wat ɗaya takan ba da desibel 90 a tazarar mita ɗaya, wata kuwa ta kai kusan 100. Wanda ya haɗa ta biyun da wat 10 ya yi daidai da wanda ya haɗa ta farkon da wat 100, ga shi kuma bai wahalar da janareta ba.

Sa'an nan ga lambobin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wat 3,000 ko 5,000, tare da haruffan PMPO. Babu wata ƙa'ida tsayayya da aka yarda da ita wajen auna wannan adadi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Ɗalibi na iya kama ƙaryar da kansa. Ya juya bayan na'urar ya karanta yawan wutar da take sha. Idan an rubuta wat 60, to ta yaya za ta yi ta fitar da 5,000? Darasin farko na kimiyyar makamashi ya koya mana cewa na'ura ba ta ba da fiye da abin da ta karɓa. Adadin da ke da ma'ana shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yanzu sai mu leƙa Amurka, inda makaɗan jita na jaz da bulus suka daɗe da gane cewa amfilifaya wani sashe ne na abin kiɗa. Kada a ɗauka labarin ya yi mana nisa. Kiɗan bulus na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, kuma masana suna lissafa gurmi cikin dangin kayan kiɗan ƙoƙo da fata na Afirka ta Yamma waɗanda banjo ta samo asali daga irinsu. Marigayi Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, ya sha nuna wa duniya wannan zumunci da jitarsa. Matsalar farko da makaɗan jita suka fuskanta a can irin tamu ce, wato ƙaho da ganga suna danne tsirkiya. Sa'ad da Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 da jitar lantarki ta Gibson da 'yar amfilifayarta, sai jita ta sami bakin magana a kiɗan jaz. Haka Muddy Waters, da ya bar gonakin Misisipi ya koma Cikago a 1943, hayaniyar gidajen rawa ce ta tilasta masa komawa ga jitar lantarki.

Amfilifayoyin wancan zamani da bawul suke aiki, wato 'yan kwalabe masu kama da ƙwan fitila waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu. Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irin bawul ɗin da ke iya ƙara ƙarfin sigina a 1906, taransista kuwa ba ta zo ba sai 1947. Kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya wucewa. Idan aka matsa mata ta kai iyakar, sai ta aske ƙololuwar sautin, wannan askin kuma yana haifo sababbin 'ya'yan amo. Bambancin shi ne, taransista da aka ƙure takan yi askin farat ɗaya, amon ya fito da gautsi da kaushi, irin wanda muke ji a wajen biki idan mai injin ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Bawul kuwa a hankali yake dannewa, sai amon ya yi wata dusashewa mai daɗi, kamar muryar mawaƙin da ya kwana yana waƙa. Masu bulus suka ƙaunaci wannan dusashewa. Shi ya sa suke son ƙananan amfilifayoyi irin su Fender Deluxe ta shekarun 1950, wadda ba ta wuce kimanin wat 15 ba, domin tana kaiwa iyakarta tun kafin ta kurmantar da jama'a. Masu jaz kuwa amo mai tsabta da taushi suke bukata, saboda suna kaɗa tsirkiyoyi huɗu ko biyar a tare, kuma suna so a ji kowace. Da yawansu taransista suka zaɓa, kamar Joe Pass da Polytone ɗinsa, ko masu amfani da Roland JC-120 wadda ta fito a 1975. Har ma B.B. King, sarkin bulus, ya shafe shekaru yana kiɗa da amfilifayar taransista ta Lab Series. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wata na'ura da ta fi kowace a ko'ina.

Daga wannan neman amo na musamman ne aka sami masu ƙera amfilifaya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a ƙananan shaguna. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alexander Dumble na Kalifoniya, wanda ya rasu a 2022. Kimanin 300 kawai ya ƙera a rayuwarsa, kuma yakan daidaita kowace da hannun makaɗin da zai yi amfani da ita, irin su Larry Carlton da Robben Ford. Ana sayar da su a kan dubun-dubatar daloli. Abin koyi a wurinsa shi ne sauraron makaɗi kafin a kama waya da dalma. Farashin kuwa, rabinsa suna ne.

To, saurayin Haɗejiya da ke koyon jita, ko ƙungiyar makaɗa da ta tara kuɗi, ya dace su yi burin irin wannan ƙirar hannu mai bawul? A ganina a'a, ko da kuɗin ya samu. Abincin wani gubar wani. Bawul zafi yake fitarwa, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura digiri 40. Da hunturu ƙura takan cika cikin na'ura, da damina kuma raɓar fadamun Haɗejiya zuwa Nguru takan sa tsatsa a mahaɗan waya, ta kuma sassauta takardar lasifika. Kwalba ce, ba ta jure girgizar bayan babur a hanyar Guri ko Kiri Kasamma. Tana tsufa sai an sake ta, kuma masana'antun da suka rage suna ƙera ta 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sin da Sulobakiya. Yawancin ƙirar Amurka an yi su ne domin wuta mai bolt 120, tamu kuwa 230 ce, ga hawa da saukar janareta. Akwai kuma haɗari na gaske, domin a cikin irin wannan na'ura akwai wutar da kan kai bolt 400, wadda takan iya zama a ajiye ko bayan an zare filogi. Kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe ta don son sani.

Ga mai gurmi ko kukuma ma maganar ta fi haka. Abin da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki maganaɗisu ne, kuma tsirkiyar ƙarfe kaɗai yake ji. Izgar doki ko zaren roba ba ruwansa da su. Saboda haka makirfo suke bukata, ko ɗan faifan nan da ake mannawa a jikin abin kiɗa ya ɗauki girgizarsa. Kuma amfilifayar jitar lantarki da gangan aka yi ta don ta sauya amo, lasifikarta ma ba ta cika fitar da abin da ya haura karkarwa 5,000 ba. Gurmi ba ya bukatar a ara masa murya. Abin da ya dace da shi shi ne amfilifayar taransista mai tsabta, ta wat 30 zuwa 60 na gaskiya, da lasifikar akwati mai faɗin inci 10 ko 12 tare da ƙaramar da ke fitar da siririn amo, a kuma riƙa barin maɓallin ƙara bai kai ƙarshe ba. Idan fili ne babba, a tuna cewa a sarari sauti kan ragu da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. Gara a rarraba akwatuna biyu ko uku a ɗaga su sama da a ƙure guda ɗaya a kan na gaba. Kunnen na gaban nan ma amana ne. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade desibel 85 na awa takwas, idan kuwa ƙara ta kai 100, to minti 15 ne iyakar, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ranar saye, a tafi kanti da abin kiɗan, ko a Haɗejiya ne ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A kaɗa a hankali, a kaɗa da ƙarfi, a sa wani ya koma nesa ya rufe ido ya saurara. A yi shiru a ji ko na'urar tana gurnani ita kaɗai. A duba ko om ɗin lasifika, 4 ko 8, ya dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar. A kuma tambayi mai gyaran rediyo na unguwa ko yana samun kayan gyaranta, tun kafin a biya.

Ga malamai kuwa, wannan darasi ne da ba ya cin kuɗi. Akwai manhajojin wayar hannu da ke fitar da amo a kowace karkarwa aka so, da waɗanda ke zana 'ya'yan amo a kan allo. A aro lasifikar taron makaranta da akwatin rediyo, a saki amon 100 a kowace, sa'an nan 1,000, ɗalibai su faɗi abin da suka ji. A gayyato mai gurmi da mai kukuma su kaɗa amo iri ɗaya a kwatanta zanen. Ɗaliban fasaha na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya suna iya wuce nan, su auna iyakar kauri da sirantar amon gurmi, su haɗa kai da kafinta a yi akwatin da ya dace da wannan awo, su sa masa amfilifayar da ke aiki da batir mai bolt 12 wanda faifan hasken rana zai riƙa cikawa, sa'an nan su kai wa makaɗi ya gwada a filin biki ya faɗi abin da za a gyara.