A Yi Hattara Da Ƙwayar Tsayar Da Gudawa

Da zarar damina ta kankama, ruwan sama kan kwashe ƙazantar gari ya zuba cikin rijiyoyi da tafkuna, daga nan sai gudawa ta shiga gidaje. A garuruwan Boɗinga da Shagari da ƙauyukansu, irin su Sifawa da Danchaɗi da Kajiji, mai ciwo yakan fara tsayawa wurin mai kemis tun kafin ya tuna da asibiti. Cikin abin da akan miƙo masa har da ƙwayar lofaramaid, wadda aka fi sani da Imodium. Ya kamata jama'a su san ainihin aikinta.

Kamfanin Janssen na ƙasar Beljiyam ne ya fara haɗa wannan magani a shekarar 1969. Ga masana haɗa magunguna, danginsa ɗaya da kodin da mofin. Bambancin kuwa shi ne, idan aka sha shi bisa ƙa'ida, ba ya isa ƙwaƙwalwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, domin jiki yana da wata kariya da ke mayar da shi baya, shi ya sa ba ya bugarwa. A bangon hanji yake aiki: ya rage motsinsa, abinci ya daɗe a ciki, jiki ya sami sararin tsotse ruwa. Baligi yakan fara da miligiram 4, sa'an nan 2 bayan kowane zawo, kada ya wuce 16 a yini. Matafiyi ko ma'aikacin da cikinsa ya ɗan ɓaci zai ji daɗinsa ƙwarai.

To, amma tsayar da hanji daban, kashe cuta daban. Lofaramaid ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya, ba ya kuma mayar da ruwan da ya riga ya zube. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, shansa tsare cutar ne a ciki. Ba a kuma maganin kwalara da shi, annobar da a 2021 aka yi zaton ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, Jihar Sakkwato na cikin inda ta yi ɓarna.

Haɗarin ya fi tsanani ga yara. A 1990 aka janye na ɗigawa da aka yi domin jarirai, bayan da hanjin wasu yara a Pakistan ya daina motsi, cikinsu ya kumbura, wasu suka rasu. Abin takaici, uwa takan ce ai haƙori ne, ta ɓare ƙwayar babba ta jiƙa wa ɗanta. Zawo ya tsaya, hankalinta ya kwanta, alhali maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma. Rashin ruwa ne ke kisa.

Maganin wannan kuwa ba shi da tsada. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da shi: ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a narka cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. A ci gaba da ba da nono da abinci.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da su tara masu kemis kafin kowace damina, a ja musu kunne kada su sayar da ƙwayar domin ƙaramin yaro, su kuma tambayi mai saye ko akwai jini ko zazzaɓi. Ma'aikatar Lafiya ta tabbata ƙunshin gishirin da zink ba su yanke a ɗakunan shan magani na ƙauye ba. Ɗalibai da ke komawa gida hutu su ma suna da nasu aikin, don su ne ke iya karanta wa iyaye takardar da ke cikin kwalin.