Tsadar Na'urar DAC da Ruɗin Manyan Lambobi

Ra'ayin da ya yi kane-kane tsakanin masu sauraron kiɗa ta intanet shi ne cewa duk wanda bai sayi DAC mai tsada ba, bai ji waƙa yadda aka yi ta ba, kuma wannan ra'ayi yana cin kuɗin jama'a ba gaira ba dalili. DAC ita ce na'urar da ke mayar da lambobin da aka adana sauti da su zuwa siginar lantarki wadda lasifika ke furtawa, kuma kowace waya ko kwamfuta mai fitar da sauti tana da irinta a ciki.

Masu talla sun fi kafa hujja da lambobin da ke kan kwali, musamman bit 24 da kilohaz 192. Ka'idar Nyquist da Shannon ta tabbatar da cewa idan aka ɗauki samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kamar yadda faifan CD na Sony da Philips ke yi tun 1982, za a iya dawo da duk sautin da bai kai kaɗawa 22,050 a daƙiƙa ba, alhali kunnen matashi mai lafiya yana tsayawa wajen 20,000, na dattijo kuwa ƙasa da haka sosai. Bit 16 kuma yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi, wadda hayaniyar ɗakin zama kan haɗiye wani ɓangarenta. A 2007 masu bincike Meyer da Moran sun gwada masu sauraro ba tare da sun san wane sauti ake kunna musu ba, mai ingancin CD ko mai manyan lambobi, sakamakon kuwa bai wuce na canki-canka ba. Nazarin Joshua Reiss na 2016 ya gano bambanci, amma ɗan ƙanƙani ne ƙwarai.

Abin takaici shi ne yadda ake ɓoye wa mai saye inda matsalar take. Wanda ke sauraro ta Bluetooth yana jin sautin da aka riga aka matse, domin ko tsarin matse sauti na LDAC na Sony bai wuce kilobit 990 a daƙiƙa ba, CD kuwa 1,411 ne. Waƙar da aka danne ƙararta tun a situdiyo babu na'urar da za ta gyara ta. Ga kuma data: a lissafin Apple, waƙar minti uku tana cin megabait 145 a mataki mafi girma, maimakon 6 a matakin da aka matse.

Akwai inda DAC ta waje ke da amfani, wato idan kwamfuta tana fitar da tsaki ko ruri, ko wayar ba ta da ramin jona lasifikar kunne, kuma a nan ƙarama mai araha ta wadatar. Lasifikar kunne irin Sennheiser HD 600, mai turjiyar om 300, amfilifaya mai ƙarfi take bukata, kuma sauya lasifika ko gyara mazauninta a ɗaki shi ne ke kawo bambancin da kowa zai ji nan take.