An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Garejojin Tanut

Akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, ɗaure a bututun hayaƙin mota, wanda ya zama hanyar tatsar talaka a garejojin Tanut da Belbeji. Sondi lamda nake nufi. Motarka ta fara shan mai, ko tana kakkarwa in ka tsaya, ko ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Tun ba a ɗaga murfin inji ba za ka ji an yanke hukunci: "Alhaji, ai sondi ne ya mutu." Sai ka aika kuɗi Damagaram, a saƙo maka sabo a motar tasha, a ɗaura. Bayan ƴan kwanaki fitila ta dawo. A ce maka wancan ɗan China ne, nemo na Beljik. Daga nan a koma kan buji, a koma kan famfon mai. Kuɗin gero buhu-buhu sun tafi, mota tana nan da ciwonta. Wannan ba gyara ba ne, caca ce da aljihun wani, kuma ta ishe mu.

Sondi ba ya zuba mai, ba ya hana mai. Aikinsa ɗaya: ya sansana hayaƙin da ke fita, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko iska ta yi yawa ko mai ya yi yawa. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi, kuma da labarin da sondi ya kai ne ƙwaƙwalwa ke daidaita wannan awo. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1976, motocin Volvo suka fara amfani da shi. Abin da ya kusa shekara hamsin a duniya bai kamata a ce har yau ana mai da shi siddabaru a gaban mai mota ba.

Ku dubi motocin da muke hawa. Corolla, Carina, Starlet, Hiace, duk sun ci zamaninsu a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome. Robar da ke jikinsu ta riga ta tsufa. Ta zo ta tarar da ranar Damargu ta watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga gargadar hanyar Gangara da Tarka. Dole tiyo ya bushe ya tsage. Da ya tsage, inji ya riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, iskar da ba a auna ba. Sondi ya ji iska ta yi yawa a hayaƙi, ya faɗi gaskiya, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, in abin ya fi ƙarfinta ta kunna fitila. To ina laifin sondi a nan? Ko da na'urar gwaji aka jona, lambar P0171 cewa take iska ta rinjayi mai. Ba ta ce sondi ya mutu ba. Wanda ya karanta ta ya ruga shagon kayan gyara bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani yana da kaso a shagon.

Na tsaya a kan wata tsohuwar Corolla ta maƙwabcina, wadda da ita yake ciyar da gidansa. Baƙin hayaƙi take yi, bujinta sun yi baƙi ƙirin, an riga an canja mata sondi. Wani dattijon makanike da ba ya da ko rumfar kirki ya kunna ta, ya ce kowa ya yi shiru. Ya sunkuya, ya kara kunne, yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Akwai wani siriri da ke zuwa ga ma'aunin matsin iska a bayan inji. A ido lafiyarsa lau. Da ya lanƙwasa shi sai ga baki ya buɗe a daidai inda ya shiga nonon ƙarfe, roba ta bushe har tana marmashewa. A irin wannan inji, in wannan tiyon ya fashe, ƙwaƙwalwa na zaton an taka totur ne, sai ta yi ta ɗura mai. Ya yanke wurin da wuƙa, ya mayar, ya ce wa mai motar: "Ɗana, je ka sayo sabon tiyo kamu ɗaya, wannan ba zai kai ka damina ba." Maƙwabcina bai ce uffan ba, amma na ga idonsa lokacin da yake lissafin abin da ya kashe a baya.

Binciken nan ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Kunne na farko: tiyon da ya tsage yana tsaki in mota tana ralanti. Sai ruwa a ƴar kwalbar feshi, a bi mahaɗar tiyo da bakin bututun shigar iska, inda muryar inji ta canja nan ɓarnar take. Masu fesa fetur a kan inji mai zafi su ji tsoron Allah, don fuskar yaron gareji ce a kusa da wutar, ba tasu ba. Mai na'urar gwaji kuma ya duba yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa. In ya haura kashi 10 cikin ɗari a ralanti, amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500, iska ce ke shiga ta wani wuri. In kuwa ƙaruwa ya yi da aka taka, a duba matatar mai da famfo, musamman ga mai shan man kwalba. Ko hudar salansa a gaban sondi tana sa shi kai labarin ƙarya.

Sondi yana mutuwa, ban musa ba. Inji mai ƙona baƙin mai yana kashe shi, ruwan lagireto in ya shiga inji yana kashe shi, wayar da ke ɗumama shi tana tsinkewa, domin sai ya kai wajen digiri 300 yake fara aiki. Amma mutuwarsa ana ganinta. Irin na tsoffin motocin nan, in inji ya yi zafi, wutarsa tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ƴar mitar masu gyaran rediyo ma tana nunawa. Kuma kar wani ya fake da cewa motar ta girmi na'ura. Gaskiya ne sai 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, aka wajabta mahaɗin jona na'urar gwaji na bai ɗaya. Amma tsoffin Toyota suna da ɗan akwati kusa da inji: ka haɗa TE1 da E1 da guntun waya, fitila ta ƙifta maka lamba. 21 na nuni ga sondi da wayoyinsa, 25 na cewa iska ta yi yawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cire ƙwan fitilar, su ce an gyara. Da masu kwance salansa su kwashe katalizo, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, su ce wai mota za ta fi gudu. Wannan sata ce tsagwaronta. Kuma cikin tiyon da ake rainawa akwai mai kauri da ke zuwa ga tulun birki. In shi ne ya tsage, birki ya yi tauri kamar dutse. Ka kwatanta Hiace cike da mata da yara a hanyar Agadas, raƙumi ya ratso kwalta. Wa zai amsa wannan ranar gobe?

Matatar man fetur ta SORAZ tana ƙasar Olelewa, cikin gundumarmu, tun 2011. Duk da haka wanda ya ga layin gidajen mai na watan Maris 2025 ya san darajar lita ɗaya, balle tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha. A irin wannan hali ne motocinmu ke ƙona mai a banza saboda roba kamu ɗaya.

Mu masu mota ma muna da namu kason. Makaniken da ya ɓata awa guda yana bincike ya gano tiyo, sai a miƙa masa abin da bai kai kuɗin shayi ba, wai ai bai canja komai ba. Wanda ya lodo kaya a banza shi ake biya da murmushi. Mu muka koya musu cewa gaskiya ba ta kawo abinci. A biya kuɗin bincike daban, a kuma faɗe shi tun kafin a taɓa mota. Ƙungiyoyin direbobi a tashar Tanut da ta Belbeji su haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji, su tura yara biyu uku Damagaram su koyi karanta ta. Kai kuma, duk wanda ya ce maka sondi ya mutu, ka ce ya kawo mita ya gwada shi a gabanka, inji da zafi. In ya fara kame-kame, karɓi makullinka.