Raddi Ga Mai Cewa Lokacin Ginin Ƙasa Ya Wuce

Wani ɗan'uwa mai ilimi ya yi rubutu yana cewa gara a baje tsofaffin soraye da ragowar badala a kafa shaguna. Hujjoji uku ya kawo. Malam, da girmamawa, ga amsarsu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka ce ginin ƙasa ba ya ƙarko. To, Sarki Gijimasu, wanda ya mulki Kano daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birni, ga ragowarta nan har yau. Gidan Rumfa kuwa, tun zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarakuna ke zaune a ciki. Sakaci ne ke kashe soro: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe. Iyayenmu kafin damina sukan kira magini ya kwaɓa ƙasa da ramno, ya yi yaɓe, ya bi da makuba. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye.

Na biyu, ka ce tarihi na cikin birni ne, mu na karkara gona kawai gare mu. Anya ka taɓa zuwa Fanisau, nan ƙasar Ungogo? Ribaɗi ne da Sarki Ibrahim Dabo ya zauna a ciki yana fafatawa da Ɗan Tunku. A nan Baturen Birtaniya Clapperton ya iske shi a 1824. Gidan sarki na nan, kuma har gobe ana Hawan Fanisau.

Na uku, ka ce tsohon gini ba ya ciyar da kowa. Tambayi mai fura da mai ƙosai ranar hawa, tambayi maginin da sana'arsa ke ɓacewa. A 2024 UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya. Ina za a hau a je idan an rushe fada da ƙofofi?

Na yarda jama'a na buƙatar wurin neman abinci. Amma shago ana iya gina shi ko'ina, badala kuwa in aka kwashe ƙasarta ta tafi ke nan. Malam, zo mu nemi a yi yaɓe kafin hadari ya haɗo.