Wa Ke Zaɓar Waƙar Da Za Ta Wakilci Ƙasa?

Jama'a, yau sharhin namu zai ɗan yi nisan kiwo, amma ku yi haƙuri ku biyo ni. Akwai wata gasar waƙa ta ƙasashen Turai da ake yi a watan Mayu, sunanta Eurovision. An fara ta a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe 7 kacal. A ƙa'idar yau kowace ƙasa waƙa ɗaya take kawowa, kada ta wuce minti 3, kada masu hawa dandamali su wuce mutum 6. Ni dai ba waƙoƙin ne suka dame ni ba, yawancinsu ma ba na jin abin da suke faɗa. Tambayata ita ce, a ƙasa mai miliyoyin mutane, wa ke da ikon nuna waƙa guda ya ce wannan ce muryarmu?

Ba gwamnati ce ke zaɓa ba, aikin gidan talabijin na ƙasa ne. Wasu gidajen, irin su BBC ta Birtaniya a 'yan shekarun nan, a cikin ofis suke gama komai, sai dai jama'a su wayi gari su ji sunan wakilinsu. Wasu kuma a fili suke yi, kuma babu wadda ta yi suna wajen haka kamar Suwidin.

Can gidan talabijin na SVT ne ke shirya gasar cikin gida mai suna Melodifestivalen, mako shida cur daga Fabrairu zuwa Maris, ana zagaya garuruwa. Kowane ɗan ƙasa na iya aika waƙarsa, kuma dubbai ake samu. Daga ciki alƙalai su tace wasu, gidan talabijin ya gayyato wasu, a haɗa 30 a fara karawa har a kai ga 12 na zagayen ƙarshe. A daren ƙarshe rabin maki na hannun alƙalai ne daga ƙasashen waje, rabi na hannun jama'a. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai riƙe alli, shi ne tun 2019 an kasa masu ƙuri'a ta manhajar waya rukuni 7 bisa shekaru, daga 'yan shekara 3 zuwa 9 har zuwa dattawa masu 75 da ɗoriya, kowane rukuni da nasa makin. Wato samarin da ke kwana da waya a hannu ba za su danne kaka da jikanta ba.

To me ya kawo alƙalan waje cikin zaɓen gida? Ai dalilin a bayyane yake, ana so a san abin da zai shiga kunnen baƙo, don shi zai ba da maki a babbar gasa. Dabarar ta biya, domin Suwidin ta ci gasar sau 7, ita da Ayalan ne a sama. Biyu daga ciki, 2012 da 2023, Loreen ce ta ciyo, wadda iyayenta 'yan asalin Maroko ne. Amma fa akwai abin da aka rasa. Tun da aka soke dokar yin waƙa da harshen gida a 1999, Suwidin ta shekara fiye da ashirin ba ta aika waƙa da harshenta ba. Ƙasa guda da harshenta, da makarantunta, da marubutanta, amma in za ta fita kunya sai ta ari bakin wani.

Sai ga 2025. Wanda kowa ya sa wa ido shi ne Måns Zelmerlöw, wanda ya taɓa ciyo wa ƙasar kofi a 2015. Abokan karawarsa wasu samari uku ne masu barkwanci da ake kira KAJ, kuma ba ma 'yan Suwidin ba ne. Daga wani ƙaramin gari suke mai suna Vörå a Finlan, cikin tsirarun da ke magana da harshen Suwidin, waɗanda su ne kimanin kashi 5 cikin ɗari na mutanen Finlan. Waƙarsu da karin harshen garinsu suka yi ta, a kan ɗakin wankan tururi, wani abu mai kama da suracenmu. Alƙalan waje suka sa Måns a gaba da ɗan rata kaɗan. Da aka buɗe ƙuri'ar jama'a sai labari ya sha bamban, KAJ suka tashi da maki 164, shi da 157. A birnin Basel suka zo na huɗu.

Na san wani zai ce, to ai ga shi nan, ba su ci ba, da an bi ta alƙalai wataƙila da kofi ya zo gida. Mai yiwuwa ne. Kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ƙuri'ar jama'a kullum tana tare da tsiraru ba. Mu da muke zaune a matsayin tsiraru mun fi kowa sanin yadda rinjaye yake taka mutum ya wuce. Amma ina ganin in mutum uku suka shiga ofis suka rufe ƙofa, da wuya su yi kasadar ɗaukar waƙar ƙauye da karin harshen da ko 'yan birni sai sun kasa kunne sosai. Mai zaɓe a ɓoye tsoron zargi yake ji, saboda haka abin da ya yi kama da na bara yake ɗauka. KAJ sun kai ga jama'a ne don an bar su sun hau dandamali, kuma an karanta makin kowa a gaban kowa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai ke nan. Shekarun baya, a wata makarantar da na koyar, muka shirya yara don gasar al'adu ta makarantu. 'Yan ajina suka yi wata uku suna koyon waƙar Hausa ta gaɗa, da tafi da komai. Ana saura kwana biyu aka kira ni ofis, wai kwamiti ya zauna, an ɗauki wata waƙar, domin alƙalai ba za su ji Hausa ba. Na tambaya su wa ke cikin kwamitin, kuma maki nawa kowa ya samu. Har yau ban ji amsa ba. Wallahi ba cire su ɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, tsayuwar da na yi gaban yaran nan ne babu abin da zan nuna musu. Wata yarinya ta ce, "Malam, to an ma saurare mu?" Na rasa ta cewa.

A taron malamai na wannan zangon zan kawo shawara, duk ajin da ya shirya waƙa ya yi ta a filin makaranta gaban kowa, malamai su riƙe rabin maki, rabi kuma a bar wa ɗalibai aji-aji, daga 'yan aji ɗaya har manya. In an gama a rubuta sakamakon a allon sanarwa, a bar shi mako guda kafin a goge.